Hular da Na Auna a Kan Ludayi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da na sani da abin da na zaci na sani.

Sunana Hajara, a ƙauyenmu Hajo ake ce mini. Muna arewa da Gezawa, inda gona ke manne da gona, in ka yi atishawa a gidanka maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallahu. Na yi aji uku na yaƙi da jahilci bayan na gama haihuwa, shi ya sa nake iya riƙe biro. Ni mace ce mai son kowane abu ya zauna a wurinsa. Tsintsiyata tana da kusurwarta, tukunyata tana da murhunta, kuma ba na fara aiki na biyu ban gama na farko ba. Na san rai na Allah ne. Amma kowace mutuwa da sanadinta, kuma sanadin mutuwar jikana ta hannuna ya bi. Zan faɗi abin daki-daki yadda ya faru.

Saude ita ce ta uku a 'ya'yana. A cikinta na fari ta kwana uku tana naƙuda a ɗakina. A rana ta huɗu aka ɗauke ta a amalanke zuwa bakin titi, daga nan zuwa birni, aka zaro ɗa namiji ƙato, babu rai. Ta yi wata biyu tana jan ƙafa. Matan da suka zo gaisuwa bakinsu ɗaya: ɗan ne ya yi girma, an cika ta da fura da nono. Na ji wannan magana, na ajiye ta.

Bayan shekara biyu ta sake samun ciki, kuma ya zo a mugun lokaci. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Rumbunanmu suka zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suka gaji suka tafi. Muna cin tuwon dusa da miyar tafasa, sabulu kuwa sai wanda ya bi layi a birni. Mijinta Sale ya tafi kudu cin rani, ya kawo mini ita da cikin wata uku, ya ce, "Inna, ga amana."

Abu ɗaya ne ya yi kyau a gidanmu a shekarar, ita ce taba. Malam, maigidana, yana da ɗan lambu gefen tsohuwar rijiya, yana shuka ta yana ban ruwa da guga, ya shanya ya kai kasuwa. Shi ba ya sha. Yakan ce shanta makaruhi ne, amma kuɗinta halal ne.

A wancan zamani akwai mata a ƙauyukanmu masu shan lofe, wato 'yar tukunyar taba mai dogon bututu. A bayan ɗaki suke sha, ba a gaban maza ba, kowa ya sani kuma ba wanda ke magana. Wata rana ina tsince dusa sai na shiga lissafin masu lofe a unguwarmu da suka haihu a gabana. Kande matar mahauci ta haihu tana tsakiyar daka, ta ajiye taɓarya kawai. Tabawa ta haihu kafin ruwan zafi ya tafasa. Jummai ta haihu sau biyu, duka biyun ba wanda ya ji kukanta. Uku cikin uku. Na sami ungozomarmu, Iya Dije, tana murza zare a ƙofar ɗakinta.

"Iya, me ya sa masu lofe ba sa shan wahalar haihuwa?"

Ta yi dariya har haƙorinta ɗaya ya fito. "Sai yau kika lura? 'Ya'yansu ba sa ƙiba a ciki. Sulluɓ suke fitowa, kamar ƙwallon mangwaro a hannun yaro."

Iya Dije ba ta ce in ba Saude taba ba. Wannan zan faɗa saboda Allah. Ni na haɗa biyu da biyu, ni na aika aka sayo lofe a kasuwar Gezawa, ni na tsara lokaci: sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya bayan azahar, sau ɗaya kafin magariba. Ranar farko ta zuƙa, ta yi tari har hawaye, ta amayar da ɗan kunun da ta sha.

"Inna, kaina juyawa yake."

"Naƙudar kwana uku ta fi juya kai. Zuƙi."

Na tsaya a kanta kamar mai ba da maganin zazzaɓi. Cikin mako biyu ba ta bukatar in tsaya. Ita da kanta take duba inuwa ta ce lokaci ya yi. Sai kuma na lura tana barin rabin tuwonta, ta ce ba ta jin yunwa. A gidan da ake auna dusa da gwangwani, na ɗauki wannan a matsayin amfani na biyu.

A wata na shida muka je awo sau ɗaya, a ɗakin shan magani na bakin titi, tare da Gwaggo Talatu, ƙanwar Malam, mace mai baki kamar reza. Kafin mu shiga na ba Saude kanumfari ta tauna don kada a ji wari. Malamar awo ta danna cikin, ta auna da zare, ta ce ya yi ƙanƙanta da watanninsa. A zuciyata na ce alhamdu lillahi, magani yana aiki. Ta ce a riƙa ba ta ƙwai da hanta da madara.

Gwaggo ta ce, "Malama, a wace ƙasar?"

Malamar ta ce, "Na gaba ta shigo."

Ba ta tambaye mu taba ba, mu ma ba mu faɗa ba. Ina jin haushinta har yau, kodayake na san wanda ya tauna kanumfari ba shi da bakin zargin hanci.

Haihuwa ta zo cikin bazara, ciki bai cika wata takwas ba. Da hantsi Saude ta ga jini, ta durƙusa a ɗakina, kafin Iya Dije ta ɗauro zaninta ta iso, ɗa yana kan tabarma. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Mata suka cika tsakar gida. Kowace ta shigo sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Hajo, kin iya! Wadda ta kwana uku, yau ko zufa ba ta yi ba." Na karɓi yabon. Ban ce a'a ba.

Yaron bai yi kuka ba, wani ɗan sauti ya yi kamar ɗan kyanwa. A tafukana biyu ya zauna, har da sauran wuri. Saude tana da huluna biyu da ta saƙa tun cikin fari, ba a taɓa sa su ba. Na sa masa ɗaya ta sauko har haɓarsa. Sai na yanki gefen tsohon kallabina, na nemi abin da zan auna kansa da shi, ban samu ba sai ludayin da nake shan kunu. A bayan ludayin nan na ɗinka hular, kuma ta zauna masa daidai.

Mako na farko. Bai kama nono ba. In an sa masa sai ya tsotsa sau biyu ya saki, ya yi barci. Muka riƙa matsa nonon a cokali muna ɗiga masa. Tafin ƙafarsa sanyi ƙalau, alhali ana zafin da kaza ke buɗe baki. Muka shigar da su ɗakin jego kamar yadda aka saba: gadon ƙasa, garwashi a ƙarƙashi, ƙofa a rufe, wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa. A rana ta uku wanzami ya zo cire masa beli. Ya buɗe zane, ya duba, ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Hajo, wannan ba inda zan sa ƙarfe. Ku bar shi ya yi ƙwari."

Gwaggo ta ce, "Ka dai ji tsoro."

Ya ce, "Na ji."

Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Cikin duk waɗanda suka taɓa yaron a ƙauye, shi kaɗai ya san iyakarsa.

A cikin makon ne na shiga ɗakin na tarar da Saude zaune da lofe, yaro a cinyarta, hayaƙi ya tsaya a saman ɗakin kamar rumfa. Na ce mata aiki ya ƙare, an haihu lafiya, ta kawo in ajiye. Ta ƙanƙame shi.

"Inna, ke kika kunna. Ni kuma na kasa kashewa."

Yanzu ba sau uku take sha ba, sau shida ne ko bakwai. In na ɓoye lofen sai ta yi ta kuka ba dalili, nono ya ƙi zuwa. Sai in fito da shi. Ban san hayaƙin yana yi wa yaron komai ba. Na zaci ƙazanta ce kawai.

Ranar suna ba a sami rago ba, ɗan akuya aka yanka. Aka sa masa Isiyaku. Gwaggo ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta ce, "Hajo, ga angonki. Amma wannan sai dai ke ki biya sadakin." Aka yi dariya. Ni ba na wasan jika, ban iya ba, amma ranar na ce, "Kawo mini shi, ko ba sadaki na yarda."

Mako na biyu. Ƙirjinsa ya fara fito kamar an hura kara. In ya ja numfashi sai fatar tsakanin haƙarƙarinsa ta lotsa ciki. Nan masu shawara suka buɗe baki. Malam ya yi rubutu aka ɗiga masa. Iya Dije ta ce nonon ne ya ɓaci, aka matsa a murfin kwano aka jefa tururuwa, ta yi iyo ta fita, aka ce to ba nono ba ne. Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige shi, maganinsa hayaƙi. Ta kawo wasu saiwoyi ta zuba a kaskon garwashi, aka riƙe yaron a sama, aka lulluɓe da zane. Sau biyu aka yi. A na biyun da aka yaye zanen leɓunansa sun koma launin toka, ya daina motsi, sai da na hura masa fuska na girgiza shi sannan ya ja numfashi. Na ɗauki kaskon na watsar a tsakar gida.

Gwaggo ta ce, "Da shi na yi renon 'ya'yana tara."

Na ce, "Nawa ne a raye?"

Ba ta yi mini magana ba kwana huɗu. Ku lura da wannan tambaya da na yi mata. Na iya yi wa wata, ban taɓa yi wa kaina ba.

Mako na uku. Na ce asibiti za mu. Dangin Malam suka ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, in ta fasa wanka za ta kumbura. Na ce in ta kumbura ta saɓe. Malam ya kai tunkiyata kasuwa, ya dawo da abin da bai kai rabin darajarta ba, don a shekarar kowa sayarwa yake, ba mai saye. A ɗakin shan magani malamin ya duba yaron ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya ba mu takarda zuwa birni. Muka zauna a bakin titi daga hantsi har la'asar, babu mota saboda babu mai. Daga baya wata a-kori-kura mai ɗauke da albasa ta tsaya. Direban ya sauke yaron motarsa daga gaba ya ba Saude wurin, bai karɓi ko kwabo ba. Ban san sunansa ba. Ina sa shi a addu'a.

A babban asibiti layi uku ne: na kati, na sikeli, na likita. Mun isa an rufe na kati. Akawun yana kulle taga na ɗaga masa yaron na ce ya duba. Ya ce, "Mama, kowa nan da nasa. Gobe." Muka kwana a baranda tare da wasu da suka riga mu. Washegari muka bi layi na farko har rana ta take, na biyu har azahar. A layin sikeli ne wata nas ta wuce, ta ji fiton ƙirjin, ta dawo da baya. Sista Rahila ake ce mata, Kirista ce, mutuniyar wajen Rimin Gado, Hausarta irin tamu. Ba ta tambayi kowa ba, ta karɓi yaron ta ce, "Ku biyo ni," ta ratsa layin likita mutane suna gunaguni.

Likitan saurayi ne, bai kai ɗana na fari ba. Ya sa abin saurare a ƙirjin, ya daɗe. Sai ya ɗauki zanen da aka naɗe yaron ya kai hanci.

"Wa ke shan taba a gidanku?"

Saude ta sunkuyar da kai. Ni ba na ƙarya. Na ce, "Ita ce. Ni na sa ta."

Ya ajiye biro. "Tun yaushe?"

"Tun cikin yana wata uku. Sau uku a rana."

"Don me, Inna?"

Na yi masa bayani a tsare, yadda na yi muku. Naƙudar kwana uku, ɗan da ya yi girma, Kande, Tabawa, Jummai. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, kuma waɗannan kalmomi suna kunnena kamar yau aka faɗe su:

"Inna, ɗan da ke ciki ta igiyar cibiya yake ci, ta nan yake numfashi. Duk zuƙa ɗaya, igiyar nan matsewa take yi. Gaskiya ne ɗan mai taba yakan zo ƙarami. Yunwa ce ta sa shi ƙarami. Kuma yakan zo kafin huhunsa ya nuna."

Na ce, "Da na bar shi ya yi girma, da ya kashe ta."

Ya ce, "Wadda ta taɓa doguwar naƙuda, maganinta ta zo nan ta haihu a gabanmu." Sai ya dube ni. "Matan nan uku da kika lissafa, ina 'ya'yan?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, don ni ba a yi mini tambaya in rasa amsa. Ɗan Kande bai kai arba'in ba, an kwantar da shi lafiya aka tarar ya tafi. 'Yar Tabawa tana nan, shekararta shida, ba ta iya gudu daga ƙofar gida zuwa rijiya sai ta durƙusa tana tari. Na Jummai biyun duka suna ƙasa. Kuma duk na je gaisuwar. A ta Kande ma ni na dama kunun sadaka. Na ƙirga ranar guɗa, ban ƙirga ranar gaisuwa ba.

Likitan ya ɗauki biro. Ya rubuta a kwantar da mu.

Mako na huɗu da na biyar a asibiti muka yi su. Akwai kwalaben da ake sa bakwaini, amma 'yan kaɗan ne kuma duk da masu su, wuta ma tana zuwa tana tafiya. Magani babu, sai a rubuta maka takarda ka tsallaka titi zuwa kemis. 'Yan kunnena na aure a can suka tafi, daga baya tasoshina biyu. Sista Rahila ta koya wa Saude ta ɗaure yaron a ƙirjinta, fata da fata, ta rufa da zane. Ta ce, "Ke ce kwalbarsa." Aka sa masa siririyar roba a hanci ana ba shi nono ta nan. Aka yi masa allurai har na rasa inda za a ƙara sokawa a cinyar da ba ta kai babban yatsana biyu ba.

Ya fara samun sauƙi. Fiton ya ragu. A ƙarshen mako na biyar ya kama nono da kansa, ya tsotsa har sau goma sha ɗaya, ina ƙirgawa. Ya buɗe ido ya dube ni. Na ce, "Ango, ka ga amaryar taka? Haƙuri za ka yi, babu canji." Saude ta yi dariya, karo na farko tun da ta haihu.

Ita kuwa tana cikin nata ciwon. Na bar lofen a gida da gangan. Ba ta barci, tana cizon yatsa, tana yi wa kowa tsawa. Sista Rahila takan kawo mata goro da asuwaki ta ce ta sa baki aiki. Wata rana da azahar ta ba ni yaron ta ce za ta kewaya. Ta daɗe. Na leƙa ta taga na hango ta bayan katanga, kusa da mai tebur na bakin ƙofa, da karan sigari a hannu, tana zuƙa da sauri kamar ɓarauniya. Da ta dawo na ce, "Ba ki ji abin da likita ya ce ba? Ba ki da tausayi?"

Ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba. "Na ji, Inna. Lokacin da na ce miki kaina yana juyawa, ke kin ji?"

Na miƙa mata ruwa ta wanke hannu da baki. Ban sake yi mata faɗa ba.

Mako na shida aka sallame mu, ba don ya warke ba, don ana bukatar gadon. Likita ya ce kada hayaƙi ko wane iri ya kusance shi, kuma in fiton ya dawo mu dawo a ranar. Da muka isa gida na hana a mayar da su ɗakin jego. Na share ɗakina, na fitar da fitilar kananzir, na mayar da murhu bayan gida. Gwaggo ta bi gida-gida tana cewa Hajo ta je birni ta dawo likita. Sai ganyen taba da Malam ya rataya a rumfar tsakar gida. Na ce ya kwashe.

"In na kwashe, da me za mu ci?"

"Ka san tana sha tun tana da ciki?"

Ya ce, "Na ji wari. Na zaci ke ce."

"Wata biyar kana ganin ganyenka yana raguwa, ba ka tambaya ba?"

"Harkar mata ce."

Ya mayar da ganyen zaure. Iyakar abin da ya yi ke nan, kuma ranar kasuwa ya kai ya sayar.

Mako na bakwai lafiya. Saude ta rage zuwa sau biyu, a can bayan rumbu, ta canja zane kafin ta ɗauke shi. Hular ta fara matse shi kaɗan. Na yanke sabon ƙyalle na ajiye, na ce ranar Juma'a zan ɗinka babba.

Mako na takwas, ranar Talata, ya tashi da ɗan tari. Ba fito, tari kawai. Na ce mu ga yadda zai wuni, in bai daina ba gobe akwai motar kasuwa. Likita ya ce a ranar. Ni na ce gobe. Bayan azahar ya sha nono sosai, Saude ta tafi wanke tsummokinsa, na kwantar da shi a kan gadona, na fita sheƙe dusa a ƙofar ɗakin. Ban yi nisa da taku biyar ba. Da na gama faifai ɗaya na leƙa. Yana kwance yadda na ajiye shi, hannunsa a kunci. Na ce, "Ango." Na taɓa shi.

Kwanansa hamsin da uku. Malam ya ɗauke shi a hannu ɗaya zuwa maƙabarta, ba a bukaci makara ba.

Masu gaisuwa suka zo. Kwana ya ƙare, sai haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne. Na amsa amin. Ba wadda ta ambaci taba, har da waɗanda suka san komai. Saude ba ta zarge ni a gaban kowa ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da Sale ya dawo daga kudu ya zo ɗaukarta, ina haɗa mata kaya na ga lofen a ƙasan kwallarta, naɗe cikin tsumman yaron. Na ɗauka zan fasa.

"Bar shi, Inna. Shi kaɗai ya rage mini daga cikin nan."

Na mayar. Sai da ta yi shekara biyu tana fama kafin Allah ya raba ta da tabar. Sale ya ce mini ga amana. Na mayar masa da mata mai tari, babu ɗa.

Ga dalilin da ya sa na zauna na rubuta wannan. Bayan rasuwar da mako uku, Hansai maƙwabciyarmu ta yi sallama da hantsi, da goro biyu a gefen zane. Muka gaisa, ta yi mini ƙarin haƙuri, sannan ta matso ta rage murya.

"Hajo, matar ɗana tana da ciki, kin san ta, 'yar firit ce. An ce Saude ko ruwa bai tafasa ba ta sauka. Don Allah ki faɗa mini awon. Sau nawa a rana?"

Na dube ta. Wannan mata ta zo gaisuwar, ta zauna a tabarmata, ta ci ƙosan sadaka. Na shiga ɗaki na ɗauko ludayin, na sa masa hular, na ajiye a cinyarta.

"Ga awon."

Ta fara dariya, sai ta daina. Na faɗa mata duka, tun daga lissafina har zuwa maganar igiyar cibiya, har zuwa 'ya'yan Kande da Jummai. Ta saurara tana juya ludayin a hannu. Da na gama ta ajiye shi a hankali, ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Ai kwanansa ne ya ƙare, Hajo. Kada ki sa wa kanki damuwa. Ita dai uwar ta tashi lafiya."

Ta bar mini goron. Na raka ta ƙofa, na tsaya ina kallo. Gidanta yana hannun dama. Hagu ta yi, wajen gidan Kande.

Bakina bai isa ba, shi ya sa na koma ga takarda. Duk wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a gidan suna ko a bakin rijiya, kuma ta ambaci sunana, ba na neman sutura a wannan. In an ce muku wance ta haihu cikin sauƙi, ku tambaya ina ɗan.

Ludayin yana rataye a bangon ɗakina, sama da inda nake sallah, da hular a kansa. Sabon ƙyallen da na yanke yana ƙarƙashin matashina, ban ɗinka ba. Da hannu nake ɗaga ƙwarya in sha kunu yanzu.